Shekarar Da Taken Nomau Ya Shiga Fim

Ranar sunan ɗan 'yata Hadiza ina zaune a rumfar tsakar gida da tuwo a gabana, sai wayar wata jikata ta yi ƙara da tsohuwar waƙar fim ɗin nan da mutanen yankinmu ke kira waƙar gonar auduga. Na ajiye lomar da na yanko, na dafa ginshiƙi, na miƙe tsaye har ta yanke. Na ji dariyar da kuka yi, ku 'ya'yana, kuma na ji abin da Hadiza ta gaya wa ƙawayenta, wai tun ina da sauran ƙarfi nake son yarinyar da ta yi rawa a fim ɗin, shi ya sa ba na iya jin waƙar a zaune. To, Hadiza, Allah ya shirye ki. Yarinyar nan sau ɗaya na taɓa ganinta, tana cikin mota tana korar ƙudaje tana yatsina fuska. Tunda kun girma kuna ganin wannan miƙewa tawa, kowa ya ƙirƙiro nasa dalilin ba wanda ya zauna ya tambaye ni, bari in rubuta muku da hannuna tun idona na ganin layi.

Kun san gidanmu gidan kiɗan noma ne, ko da yake ba ɗayanku da ya taɓa riƙe gula, sandar buga ganga. Mahaifina, Garba Makaɗi, shi ke buga gangar noma a ƙauyukan da ke tsakanin Bakori da Kafur. A lokacin, idan mutum zai kira gayya, wato ya tara jama'a su taya shi noma wuni guda, makaɗi ake fara aika wa da goro kafin kowa, domin gayyar da ba ganga hira ce kawai ake yi da fartanya a hannu. Kowane babban manomi kuma yana da takensa, ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai, wanda da ya ji shi jikinsa zai ɗauki tsuma. Take ba a aronsa, ba a buga wa wani na wani. Ranar da mai shi ya mutu a buga shi sau ɗaya a ƙofar gidansa, daga nan an binne shi ke nan tare da shi, makaɗi ba ya ƙara ɗora gula a kansa. Wannan ita ce doka ta farko da mahaifina ya koya mini, tun kafin ya koya mini ɗaure fatar ganga.

A ƙetaren rafinmu akwai gidan Nomau. Bamaguje ne, dogo, mai murya kamar ana magana cikin tulu, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ba ya salla, amma duk azumi geronsa ne ke fara shigowa gidanmu don kunun buɗa-baki, mu ma ranar layya cinyar ragonmu sai ta ƙetare rafi. Shekarar da ya ɗaure dami dubu aka naɗa shi Sarkin Noma, mahaifina ya ƙirƙira masa take, ganga tana cewa, "Tashi Nomau, gona na kira." Ina saurayi a lokacin, a gabana aka yi. Daɗin taken ya kwashe Nomau, ya ɗora hannu a kan bakin garmarsa, wanda a wurinsu babu rantsuwar da ta fi wannan nauyi, ya ɗaga murya.

"Aradu, duk inda taken nan ya iske ni, a zaune nake ko a kwance, sai na miƙe mashi, kuma ba ni zama sai ya ƙare!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Ba wanda ya ga wahala a wannan rantsuwa, domin ganga ɗaya ce a duniya ke faɗin taken, kuma ba ta faɗinsa sai a bakin gona, inda dama Nomau a tsaye yake.

Bayan rasuwar mahaifina ganga ta dawo hannuna, ita da duk taken da ke cikinta. Na yi shekaru ina buga wa Nomau, muna zaune lafiya, sai kakar da 'yan fim suka zo. Lokacin cirar auduga ne, suka taho daga Kano cikin mota biyu suna neman gona fara tas da za su ɗauki rawa a ciki. Cikinsu akwai mai buga musu fiyano, wani Sabo, mutum mai zaƙin baki. Ya ji labarin akwai makaɗi a gari, sai ga shi a ƙofar gidana da rikoda a rataye. Na buga masa kiɗan shiga gona, na buga masa na tashi, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa bai taɓa jin hannu irin nawa ba, wai makaɗan birni duk yara ne a gabana. Ni da na yi shekara da shekaru ina cin abinci da zuga mutane, ban san ni ma ana iya zuga ni ba. Da ya ce, "Malam Idi, na san akwai wanda ka ɓoye, wanda ya fi waɗannan duka," sai na ji kaina ya kumbura. Kada in yi muku ƙarya in ce ban san laifi ba ne. Na sani sarai, shi ya sa na ja shi cikin ɗaki, na tura ƙyaure, na buga masa taken Nomau a hankali don kada sautin ya ƙetare rafi.

Da zai tafi ya bar mini yadin shadda ruwan toka. Ina juya ta a hannu ina murmushi, mahaifiyarku ta fito daga madafa tana goge hannu a zaninta.

"Malam, abin da na ji ɗazu ba na Sarkin Noma ba ne?"

"Ɗan taɓawa kawai na yi. Wa zai ji shi a Kano?"

"Kano a bayan duniya take? Motar da ta kai shi ita za ta dawo da shi."

Ta karɓi shaddar ta jefa ƙasan akwati, ta ce ba telan da zai taɓa ta sai mun ga ƙarshen abin. Na ce mata mata dai ba sa rasa abin tsoro. Wannan magana ta yi shekaru tana tuna mini da ita, musamman idan akwai baƙi.

Da bazara fim ya fito. Ku da kuka taso kuka iske waƙar ta tsufa ba za ku gane yadda ta kama ƙasar nan ba. Sabo ya ɗora fiyano a kan gangata, aka sa wata mai siririyar murya ta jera kalaman soyayya a inda ganga ke kiran Nomau, amma kiɗan da ke ƙasa nawa ne, ko bugu ɗaya ba a canja ba. Masu shayi suka saya, masu faci suka saya, direbobin Funtua da Malumfashi ba wanda bai da kaset ɗin. Ba a kai amarya sai da ita. A gidan kallo, in an zo wurin waƙar, sai jama'a su sa a mayar baya. Ranar da na fara jinta a kasuwar Bakori, wallahi daɗi na fara ji. Na tsaya ina kallon mutane suna kaɗa kai, ina cewa a raina, da kun san hannun wa kuke yi wa rawa. Sai na waiwaya wajen inuwar da wanzamai ke zama.

Nomau na kan tabarma, an jiƙa masa kai, wanzami ya aske rabi. Na ga ya karkata kunne. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Kafin wanzami ya janye aska, mutumin nan ya miƙe zumbur, rabin kai fari rabi baƙi, kumfa na gangaro masa a wuya, yana waige-waige yana neman inda nake da gangata. Ba ganga, sai rikodar mai shayi. Take a bakin gona ɗan gajere ne, kafin ka haɗiye yawu sau uku ya wuce. Waƙar fim kuwa sai a dafa shayi a sha ba ta ƙare ba. Haka ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kasuwa har ta kai ƙarshe, ya zauna, wanzami ya sake wasa aska, mai shayi kuma ya mayar da kaset baya ya sake sa waƙar. Nomau ya sake tashi. Ni dai na bi ta bayan 'yan tumatir na sulale, ko gishirin da aka aike ni ban saya ba.

Daga ranar labari ya bazu. Aka ce a motar Malumfashi direba ya sa waƙar, Nomau ya yunƙura ya buga kai da rufin mota, ya sa aka tsaya ya sauka ya yi tsayuwarsa a bakin titi, fasinjoji na jira. Aka ce a wurin ɗaurin auren wani maƙwabcinsa sau bakwai ya tashi, ko ruwa bai sha a zaune ba. Da farko mutane na dariya a ɓoye, daga baya 'yan kasuwa suka gano abin wasa ne ya samu, da sun hango shi tafe da buhunsa sai su jira ya zauna ciniki sannan su danna rikoda. Yanzu ina ba ku labari kuna dariya, ni ma ina yi, amma a lokacin abin ba daɗi. Mutumin da ya ciyar da ƙauyuka uku a shekarar fari, wanda dagaci ke tashi ya ba shi wuri, shi aka mayar abin nishaɗin masu shayi. Bai karya rantsuwarsa ko sau ɗaya ba, sai dai ya daina zuwa kasuwa, ya daina shiga mota, ya daina halartar biki. Ni kuma kunya ta hana ni bin hanyar rafi, in zan je gonata ta can sai in zagaya ta gada.

Damina ta sauka, aka yi shuka, lokacin noman farko ya yi. Tun zamanin mahaifina goron gayyar Nomau ne ke fara shigowa gidanmu. A wannan shekara na ji an raba goro gida-gida, namu bai zo ba. Ranar gayyar ina zaune a zaure ina jin shiru daga ƙetare, shirun da ya fi mini zagi ciwo. Da yamma waɗanda suka je suka dawo suna cewa ko rabin gonar ba a ci ba, mutane sun yi ta jan ƙafa, kafin la'asar kowa ya saɓa fartanyarsa. Ciyawa ta fara rufe dawar Sarkin Noma, abin da ba a taɓa gani ba. Zumuncin gida biyu da iyayenmu suka ƙulla, ga shi zai tsinke a hannuna saboda yadin shadda. Na kasa cin tuwo. Mahaifiyarku ta zuba mini ido kwana biyu, a na uku da safe ta ɗauko ganga ta dire a gabana, ta ɗora shaddar a kai.

"Tashi ka je."

"In ce mashi me?"

"Da kake bugawa a ɗaki ni ka tambaya? Ka je ka tsuguna. In ya kore ka, gobe ka koma."

Na iske shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, matarsa Inna Kande na sheƙar dawa a gefe. Na yi sallama, ita ce ta amsa. Na ajiye ganga, na tsuguna, na faɗi duk abin da na yi, har tura ƙyauren ban ɓoye ba. Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa, kansa a sunkuye.

"Ɗan Garba, da yunwa ce ta sa ka, da ka zo na buɗe maka rumbu."

"Ba yunwa ba ce, Sarki. Yabo ne ya ɗauke ni."

"Yabo. Kai da ke sayar da shi."

Na ce zan ƙirƙira masa sabon take wanda ya fi wancan. Ya ce mutum ba ya da take biyu, kuma wanda ubana ya yi masa ba ɗan da zai gyara shi. Na ce zan je Kano in roƙe su su janye kaset ɗin. Nan ne ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ko zan bi motocin Funtua ɗaya bayan ɗaya ina ƙwacewa. Ya ce shi ba fushin dariyar mutane yake ba, abin da ke cin ransa shi ne take ya fita ba mai tsaronsa, ana kiran sunansa a gaban kowane mai shayi, kuma ya rantse a kan ƙarfe, ba shi da hanyar zama. Sai Inna Kande ta ajiye ƙwaryarta.

"Ku maza kun cika wahalar da kai. Mu in mun ɗauko itace daga daji wuya ya gaji, ba yarwa muke ba, kan wata muke ɗorawa. Rantsuwa ta ce a miƙe ma take. To, ga wanda ya sake shi nan tsugune, ƙafafunshi biyu lafiya lau."

Nomau ya dubi matarsa, ya dube ni, sai na ga gefen bakinsa ya fara rawa.

"Ka ji. Za ka iya ɗauka, ɗan Garba? Ba na wata ɗaya ba ne. Har ka mutu ne."

Na ce sai na ga liman tukuna, domin ni Musulmi ne, ba zan rantse da garma ba. Liman ya saurare ni har ƙarshe yana danne dariya da gefen rawaninsa. Ya ce ƙarfe kam kada in kuskura in rantse da shi, amma in alkawari zan ɗauka don gyara abin da na ɓata tsakanina da maƙwabci, bai taɓa jin inda tsayuwa ta zama zunubi ba, sai dai in cire lokacin salla. Na koma na gaya wa Nomau. Ya yarda a cire lokacin salla, ya kuma yi mini rangwamen mota, ya ce in a cikinta ne in ɗaga hula kawai, don shi ya san abin da rufin mota ke yi wa kai. Na san abin da nake ɗauka. Na ga yadda aka yi da shi a kasuwa, kuma na san yanzu da ni za a yi. Amma tsakanin a yi mini dariya da in rasa gidan Nomau, ban ga abin dogon tunani ba.

Aka sake raba goro, namu ya fara zuwa. Ranar gayya, kafin a sa fartanya a ƙasa, Nomau ya tara jama'a ya ɗora hannunsa a kaina, ya ce daga yau taken ganga nasa ne, shi zai ci gaba da tashi masa, na rikoda kuma Idi ne zai ɗauka. Na ce na ɗauka, Allah shaida. Sannan na saɓa ganga na sake masa takensa da duk ƙarfina. Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Tsohon nan ya shiga gaba, ƙasa na tashi a bayansa, samari na binsa suna haki, kafin rana ta karkata an cinye gonar har an faɗa ta maƙwabci.

Shaddar kuwa karɓewa ya yi, ya ce ai kayan takensa ne. Ya kai aka ɗinka masa riga, ranar kasuwa ya saka ta ya tafi Bakori, ya aika a kira ni. Na iske shi a bencin mai shayin nan, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya sa aka haɗa mini shayi mai kauri, ya jira na kai kofi baki, sannan ya ɗaga wa mai shayi yatsa.

"Sa mana 'yar waƙar nan. Ban taɓa jinta a zaune ba."

Sau huɗu ya sa aka maimaita. Shayina ya huce a hannuna, kasuwa ta taru tana dariya, shi kuma yana kaɗa ƙafa yana cewa ashe yarinyar ta iya waƙa. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Mutane suka yi dariyarsu suka gaji, har ya zama in waƙar ta tashi a wurin biki sai a matsa mini wuri tun kafin in yunƙura.

Da Nomau ya rasu, 'ya'yansa suka aiko mini da goro na ƙarshe. Na je da hantsi na tsaya a ƙofar gidansa na buga taken sau ɗaya, Inna Kande na zaune a bakin rumbu ta rufe fuska. Daga nan ban ƙara ɗora gula a kansa ba, kamar yadda doka ta ce. Na kamo hanyar gida ina ganin shi ke nan an binne, na zauna a bakin gada in huta, ina share hawaye. Sai ga wani ɗan acaɓa ya tsaya shan ruwa da 'yar rediyo a ɗaure a gaban babur, kuma ba abin da ke fita daga cikinta sai gangata tana cewa tashi Nomau. Na miƙe. Ina tsaye ina kuka ina dariya, mutumin ya ɗauka taɓin hankali ne ya ja babur ɗinsa ya yi gaba. Duk manoman da mahaifina ya yi wa take, nasu ya bi su ƙasa, ni kaina wasu na manta yadda suke. Na Nomau ne kaɗai ya ƙi binnuwa. Kaset ya wuce, faifai ya wuce, ga shi yanzu a cikin wayoyinku, har na ji wasu yara sun sake ta da sabon kiɗa mai tsalle-tsalle, amma ganga tana nan a ƙasa ba su iya cire ta ba.

Ba ina wanke kaina ba ne. Abin da na yi laifi ne, alherin da ya biyo baya kuma na Allah ne da na Inna Kande. Alkawarin nan ban ɗora wa kowa a cikinku ba, ranar da na tafi ya tafi tare da ni. Na ji mahaifiyarku tana gaya wa jikokin nan su cire waƙar daga wayoyinsu saboda gwiwoyina, wai likitan Funtua ya ce in rage tashi da zama. Kada wanda ya cire. Ku dai in za ku shigo inda nake, ku bari in gama cin tuwo, kuma ku ajiye mini sandata kusa. In waƙar ta tashi, mutumina ake kira, kuma shi yanzu ba ya iya amsawa.